Ciwon yana kai, muna shafa wa hannu magani

Ni tela ne, kuma shekara 36 na yi a bakin keken ɗinki a wani ɗan shago da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi kafin shanyewar ɓarin jiki, wadda zan ba da labarinta, ta same ni. Na taɓa karatun boko har zuwa aji uku na sakandare, sannan mahaifina ya miƙa ni ga ƙanensa domin koyon sana'a, saboda haka ina karatu ina rubutu, amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda ake yi yatsu su bi abin da mutum ya nufa ba. Ina zura zare a allura ina hira da mai kaya, ƙafata tana taka keke, idona yana kan bakin ɗinki, ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Sai da hannun dama ya kwanta a cinyata kamar na wani, ina kallonsa ina ba shi umarni yana ƙi, sannan na fara neman sanin wane ne yake kai masa saƙo tun farko.

Shekara 3 kafin nan an taɓa auna ni aka ce ina da hawan jini, wanda a nan muka fi kira tansiyo. Ma'aikacin da ya auna ni ya ce ya kai 17, alhali bai kamata ya kai 14 bisa 9 ba, ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce shansu na kullum ne har iyakar rayuwa. Na sha wata guda, ciwon kai ya lafa, na ajiye sauran a cikin akwatin maɓallai. Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, to nawa kunnen ya ji sarai, sai dai ya bar maganar a ƙofar asibiti.

Abin ya faru ana saura kwana 9 Ƙaramar Salla, kuma duk wanda ya san tela ya san irin waɗannan darare, lokacin da shadda take tsibi-tsibi a kan benci, masu kaya suna zarya, barci kuwa sai na awa biyu bayan sahur. Bayan sallar asham na koma shago ina yankan wuyan wata riga, sai almakashi ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka, yatsuna suka taɓa ƙarfen amma suka ƙi rufewa a kansa. Yaron shagona ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Maigida, bakinka ya karkace." Na buɗe baki zan ce masa ba komai, gajiya ce, abin da ya fito shi ne "to". Na sake gwadawa, "to" ɗin ce ta sake fitowa. Da na yunƙura zan tashi, ƙafar dama ta lanƙwashe, na zube a kan tarin ƙyallaye. Ban ji zafi ko kaɗan ba, kuma wannan rashin zafin yana cikin abin da ya yaudare mu, domin daga baya na samu labarin cewa naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin zafi, ko da yake shi ne yake sanar da mutum zafin kowace gaɓa.

Gida aka kai ni, ba asibiti ba. Kafin tsakar dare tsakar gidana ta cika da ƴan'uwa da maƙwabta, kowa da abin da ya gani. Wasu suka ce iska ce ta buge ni, wasu suka ce sammu ne na abokan sana'a, tunda lokacin ciniki ne. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, wanda da aka ɗura mini na ƙware har numfashina ya nemi ɗaukewa, domin haɗiya ma ta samu matsala. Yayata ta zauna tana murza mini hannun da man zafi har asuba, tana cewa jijiya ce ta hau kan jijiya. Ina jin duk abin da suke faɗa, ina fahimtarsa kalma bayan kalma, amma ba ni da bakin da zan ce a kai ni wurin likita. Ba na zargin kowa a cikinsu, domin da wani ne ya faɗi ni ma abin da zan yi ke nan, kuma har gobe ban raina addu'a ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, addu'ar da aka yi a tsakar gida ana iya yin ta a cikin mota.

Sai da hantsi ya dubi ludayi washegari aka kai ni asibiti, aka auna tansiyo aka samu 20 bisa 12. Aka shigar da kaina cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikata suke kira sikana. Likitan ya yi wa yayana da uwargidana bayani a gabana cewa shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai gudan jini ya toshe wata jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ya fi yawa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala, kuma ba a sanin wanne ne sai da hoto, shi ya sa ba a ba mutum maganin tsinka jini da ka. Nawa toshewa ce. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗauka, ba ta kuma da rumbun ajiya, saboda haka in jini ya yanke wa wani sashe nata, cikin ƴan mintoci ƙwayoyinsa suke fara mutuwa. Akwai allurar narkar da gudan jini a inda ake samunta, amma amfaninta yana cikin awa 4 da rabi na farko ne, ni kuwa na kwana na yi hantsi.

Ya ɗaga hoton ya nuna wani tabo mai duhu, ya ce a ɓangaren hagu yake. Uwargidana, wadda ba ta cika magana a gaban maza ba, ta kasa haƙuri ta ce, "Likita, a duba dai, ko hoton wani ne aka kawo. Malam dama ce ta shanye masa, hagunsa lafiya lau." Likitan ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, hotonsa ne. Hagun ƙwaƙwalwa ita take juya daman jiki, dama kuma take juya hagu." A lokacin ban gane yadda haka za ta yiwu ba, na dai riƙe maganar.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya a rayuwata, kuma rashin magana ya fi mini rashin hannu ciwo. Ina son ruwa, na san ruwa nake so, ina ganin randa, amma kalmar ta ƙi zuwa bakina, sai "to". Abin mamaki, a kwana na shida da yayana ya zauna kusa da ni yana karanta Fatiha, sai na ji bakina ya kama, na bi shi har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba. Gida ya ruɗe da kabbara, aka ce na warke, amma da aka tambaye ni sunan ƙaramin ɗana sai na koma "to". Wasu suka ƙara tabbatar da cewa aikin aljanu ne, tunda ga shi sun saki bakina don Alƙur'ani sun riƙe shi don zance. Ɗan ƙanwata, wanda yake karatun likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi, shi ya warware mana wannan. Ya ce, "Kawu, abin da aka haddace tun yarinta, kamar karatu da ƙirga da waƙa, ba hanya ɗaya yake bi da maganar da mutum yake ƙirƙira nan take ba, shi ya sa sau da yawa yakan tsira." Ya ba ni labarin wani likitan Faransa mai suna Paul Broca, wanda a shekarar 1861 ya duba wani majinyaci a birnin Paris da yake fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai "tan". Da mutumin ya rasu aka buɗe kansa, aka samu lahani a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, kuma har yau da sunan likitan ake kiran wurin. Shi "tan", ni "to". Ranar ce na fara yin dariya tun da na kwanta, ko da yake dariyar ta juye kuka, domin a watannin nan hawaye yana zubo mini ba dalili, a gaban surukai da yara, abin da ya fi komai ba ni kunya, sai da aka gaya mini cewa shi ma daga raunin ƙwaƙwalwar yake.

Darasin da ya zauna mini sosai na same shi ne ranar Babbar Salla, wata biyu da rabi da ƴan kwanaki bayan faɗuwata. An yanka ragon layya, ni ina zaune a kujera ban iya riƙe wuƙa ba, an feɗe shi an shimfiɗa a kan itace an jingina a gefen wuta kamar yadda muke yi. Ɗan ƙanwata ya hana a kai kan wurin babbaka, ya sa aka fasa ƙoƙon a hankali da zarto maimakon gatari, ya kawo mini a faranti. Ya fara da cewa, "Kawu, Hausa ta haɗa abu uku ta ba su suna ɗaya, kuma nan ne ruɗanin gidanmu ya samo asali." Ya jawo wata daga wuyan ragon, ya nuna mini bakinta mai rami kamar tiyo, ya ce wannan jijiyar jini ce. Ya nuna agara a ƙafar baya, mai tauri, wadda take ɗaure nama da ƙashi, ya ce ita ma jijiya muke ce mata. Sannan ya tona tsakanin naman cinya ya fito da wani farin zare mai laushi, marar rami, ya ɗora mini a tafin hannun hagu ya ce wannan ita ce jijiyar saƙo. Ni da na ƙare rayuwata a cikin zare, na sha cin wannan a nama ban taɓa sanin aikinsa ba. Ashe jijiyar jini ce ta toshe a kaina, ta kashe tushen jijiyoyin saƙo, yayata kuwa ta kwana tana murza agara.

Ƙwaƙwalwar ragon ba ta wuce cikin tafin hannu ba, ya ce ta mutum takan kai kilo 1 da gram 300 zuwa 400. Ya nuna mini tantanin da ya lulluɓe ta, ya ce hawa uku ne, akwai ruwa a tsakaninsu da yake kare ta daga bugu, kuma wannan tantanin ne sanƙarau yake kamawa a lokacin zafi, shi ya sa wuya yake sanƙarewa. Ga babban sashe mai lanƙwasa-lanƙwasa wanda tsagi ya raba dama da hagu, inda tunani da magana da gani da motsin ganganci suke. Ga wani ɗan ƙarami a baya wajen ƙeya, mai siraran layuka, wanda yake daidaita tafiya da tsayuwa da saitin hannu. Ga kuma gindin ƙwaƙwalwa, inda take sirancewa ta zama laka ta shige ramin ƙashin wuya. Ya ɗora tsinke a wurin ya ce a nan ne mafi yawan zaruruwan motsi suke gicciye, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu, kamar yadda ake harɗa igiya, kuma ga amsar tambayar da uwargidana ta yi wa likita. Ya ce a wannan gindin ne kuma ake kula da numfashi da bugun zuciya, ayyukan da ba sa jiran izinin mutum, tare da sauran irinsu kamar narkar da abinci da zufa, waɗanda suke da nasu rukunin jijiyoyi, ɗaya mai zaburar da jiki lokacin tsoro, ɗaya mai kwantar da shi lokacin hutu. Da tabon nan nawa a gindin ya sauka da girmansa, da wani ne yake ba da labarin nan.

Lakar mutum, in ji shi, tsawonta wajen santimita 45 ne, kuma jijiyoyi 31 suke fita daga kowane gefenta ta tsakanin ƙasusuwan baya, ban da 12 a kowane gefe da suke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa ido da kunne da hanci da harshe da fuska, har da wadda take gangarawa zuwa zuciya da ciki. Wasu zaruruwan suna kai rahoto sama, wasu suna sauko da umarni. Duk wannan an gina shi ne da ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda a ƙwaƙwalwa kaɗai sun kai wajen biliyan 86, kowace tana da rassa masu karɓar saƙo da doguwar jela guda mai aika shi, kuma akwai jelar da take tashi daga ƙugu ba ta tsaya ba sai a babban yatsan ƙafa. Saƙon yana tafiya a jikinta kamar ɗan tartsatsin lantarki, amma ƙwaya ba ta manne da ƴar'uwarta ba, akwai ɗan gibi a tsakani wanda sai an fesa wani sinadari saƙon yake tsallakewa. Wani masanin ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi ya tsaya a kan cewa ƙwayoyin rabe suke, ya kuma samu kyautar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi na Italiya, wanda ya yi imani da akasin haka, alhali da rinin da Golgi ya ƙirƙiro ne Cajal ya ga abin da ya gani.

Farin da na gani a zaren nan kitse ne da ya naɗe jelar, kuma shi yake sa saƙo gudu, har ya kai mita 120 a daƙiƙa guda a cikin masu kauri, alhali a sirara marasa kitse bai fi mita 1 ko 2 ba. Wannan na gane shi nan take, domin duk telan da allura ta taɓa sokewa ya san zafi biyu ne, na farko mai kaifi da yake zuwa nan da nan, sannan raɗaɗin da yake biyo baya. Haka kuma na sha fizge hannu daga dutsen guga kafin in san na ƙone, kuma ashe laka ce take yanke wannan hukunci da kanta, ta sanar da ƙwaƙwalwa daga baya. Wannan ya fassara mini wani abu da ya daɗe yana damuna: ƙafar da nake roƙo ta motsa ta ƙi, in likita ya buga mata ɗan gudumarsa ta roba a ƙarƙashin gwiwa sai ta yi tsalle fiye da mai lafiyar. Ƙafar tana raye, laka tana aikinta, linzamin da yake saukowa daga sama ne babu, kuma rashin linzamin nan ne ya sa yatsuna suka riƙa dunƙulewa suna tauri.

A ɗakin motsa gaɓoɓi, wanda ake kira kine, na haɗu da wani saurayi ɗan kabu-kabu da ya faɗi a hanyar Ɗan Isa ya karye a damtse. An yi masa ɗori ƙashin ya kama, amma wuyan hannunsa ya saki, yana lilo kamar na wanda zai karɓi sadaka a kife, domin akwai jijiyar saƙo da take kewaya ƙashin damtse, kuma karayar ta murƙushe ta. Mu biyu muna zaune a benci ɗaya, kowa da hannun dama da ba ya aiki, sai ma'aikaciyar ta ce ciwonmu ba ɗaya ba ne. Jijiyar da take wajen ƙwaƙwalwa da laka, in ba ta tsinke gaba ɗaya ba, tana sake tofowa daga inda ta ji rauni, wajen milimita 1 a rana. Ina da tef ɗin awo a aljihu, don ban taɓa rabuwa da shi ba, na sa ya riƙe bakin tef ɗin a kan tabon karayar, na ja da hagu zuwa naman da ke ƙasan gwiwar hannu, muka samu santimita 15. Na ce masa wata 5, da guntun maganar da ta fara dawo mini. Ya ce, "Baba, Allah Ya sa bakinka ya faɗi alheri." A cikin wata na shida ya shigo yana ɗaga wuyan hannun yana yi mini dariya. Ni kuwa aka ce abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya tofowa, sai dai ƙwayoyin da suke maƙwabtaka da wurin su ƙulla sababbin hanyoyi su karɓi aikin, kuma ba sa karɓa sai an matsa musu da maimaici. Ba zan ɓoye ba, na yi masa murna, na kuma ji ƙyashi.

A wannan ɗakin ne kuma na fahimci abin da na daɗe ina gani a jikin masu zuwa asibitin kutare na Danja, kudu da gari. Kuturta ba cin yatsu take yi ba kamar yadda muka taso muna ji, jijiyoyin saƙo na hannu da ƙafa take lalatawa, mutum ya daina jin zafi, ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe har gaɓa ta tafi.

Aikin da aka ba ni na yara ne: tsintar wake daga wannan kwano zuwa wancan, sa maɓalli a rami, taɓa babban yatsa da sauran yatsu ɗaya bayan ɗaya. Aka hana mutanen gida yi mini abin da zan iya gwadawa da kaina, wanda uwargidana ta ɗauka rashin tausayi ne. Kafaɗa ta fara dawowa, sannan gwiwar hannu, yatsu kuwa su ne na ƙarshe, kuma an ce hannu da leɓe suna da fili mai faɗi a ƙwaƙwalwa fiye da gadon baya gaba ɗayansa, saboda ƙananan motsin da suke yi. Magana ta dawo da kaɗan-kaɗan, gaisuwa da farko, sannan sunayen abubuwa, ko da yake har yanzu in na gaji kalma takan ɓace mini a tsakiyar zance, in tsaya ina nemanta mutane suna jira.

Yanzu shekara 4 ke nan. Ina tafiya ba sanda, ina ɗan jan ƙafar dama. Na koma shago, ina awo ina zana yanka da alli, yara suna yankawa suna ɗinkawa, amma surfanin wuyan riga da aka san ni da shi ya tafi, ban kuma sa ran dawowarsa ba. Ƙwayoyin tansiyo suna cikin akwatin maɓallan nan dai, sai dai yanzu kowace safiya nake buɗe shi, da azumi kuma likita ya mayar mini da shansu bayan shan ruwa. Zura zare a allura ya ɗauke ni wata 14 kafin ya yiwu, kuma a babbar allura ce ta ɗinkin buhu. Ƙaramar allurar keke ina iya zura mata a gwaji na uku ko na huɗu in da hasken rana, da dare kuwa nakan miƙa wa yaro.